Ki Faɗa Wa Kwamiti Ni Ne

Gaithersburg, Maryland

Zuwa ga 'yata kuma uwata, Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin isa makaranta lafiya, Ya kare ki daga santsin ƙanƙara, da sanyin waje, da shinkafar ɗakin cin abincinku, wadda har yau ban gano laifin da ta yi aka dafa ta haka ba.

Kafin komai, ga sanarwa. Ni, mahaifinki, shugaban wannan gida a ranakun da mahaifiyarki ta amince da hakan, ina shelanta wa mazauna ciki da na kewaye, daga Takoma Park har Manassas, cewa cajar wayata mai doguwar igiya, wadda ke kaiwa daga bango har kujerata ba tare da na miƙe ba, ta ɓace tun safiyar da kika haɗa kayanki. Ba na zargin kowa. Sai dai dauloli sun rushe a kan abin da bai kai wannan ba, kuma tarihi zai shaida cewa na yi haƙuri. A dawo da ita hutu mai zuwa, a naɗe, ba a cukurkuɗe ba.

To, na gama da babban al'amari. Bari in koma ga ƙaramin, wato makomarki.

Da gangan na rubuta miki da Hausa. Na san za ki karanta a hankali, kina motsa leɓe, kina tsayawa a kan kowace ƙ kamar mai tsallaka kwata. Ki yi haƙuri. Turancina ya riga ya yi miki ɓarnar da zai yi, na ba shi hutu.

Kin san labarin, amma alƙali ba ya yanke hukunci sai an karanta ƙara. A zangonki na farko a jami'a, malamarku ta koyar da rubutu ta ce kowa ya rubuto maƙala a kan harshen da ake yi a gidansu. Kika zo gida hutun nan na bikin godiya da Amurkawa ke cin talotalo, kika zauna a teburin cin abinci kina ta bugawa a kwamfuta. Na wuce, na leƙa, na ce kawo in duba. Kika ce, da Turanci kamar kullum, ba sai na duba ba, kin kusa gamawa. Na ce tun yaushe ɗa ke hana uba duba aikinsa? Kika miƙo min da hannu biyu, yadda na koya miki. Na zauna a kanta daga la'asar har magariba. Kika koma makaranta kika miƙa abin da na ba ki. Malamar ta zuba shi cikin wata manhaja da aka ce tana gane rubutun na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, manhajar ta ce ba mutum ne ya rubuta ba. Yanzu an kira ki gaban kwamitin ladabtarwa. Idan suka same ki da laifi, za ki faɗi wannan darasi, za a sa tabo a fayil ɗinki, kuma tallafin karatun da kika samu da guminki yana iya tafiya.

Kika yi hutun hunturu gaba ɗaya a gidan nan ba ki ce min uffan ba. Na ga ba kya cin tuwo, na ɗauka yayin 'yan jami'a ne. Sai da muka sauke ki a tashar jirgin ƙasa, muna hanyar dawowa, mahaifiyarki ta rage rediyo ta ce:

"Injiniya, ka san 'yarka za ta gurfana gaban kwamiti?"

Na ce, "Madalla. Kwamitin bayar da lambar yabo?"

"Na ladabtarwa. An ce na'ura ce ta rubuta mata maƙala."

"Na'ura? Wace na'ura? Ai ni na…"

Ta ce, "Ƙarasa mana. Kai ka me? Ga hanya a miƙe, ba abin da zai hana ka ƙarasawa." Da ta ga ba ni da niyya, ta ci gaba: "Ka kuma san abin da ta shirya faɗa musu? Za ta ce e, na'ura ce. Ta ce min gara a kira ta ɓarauniyar amsa da a ji cewa Baba, mai yi wa 'ya'yan mutane wa'azin gaskiya a kowace walima, shi ya yi."

Ga kuskurena na farko, kuma zan faɗe shi ba ado. A wannan lokaci ba ke na fara ji wa ciwo ba. Turancina na ji wa. Ni da na koyi harshen nan a hannun malaman da ke dukan mutum a kan waƙafi, ni da ake kira in rubuta jawabin ƙungiyarmu ta Hausawan nan duk shekara, a ce wata manhaja da ba ta taɓa shan bulala ba ta dubi aikina ta ce na injin ne! Na yi ta huci har muka shiga gareji. Mahaifiyarki ta ce, "Sannu. Idan ka gama ta'aziyyar Turancin, akwai yarinya." Shawara a nan ita ce: idan masifa ta faɗo, ki fara tambayar wa ta danne, kafin ki duba ko ta taɓa miki riga.

Washegari na tafi Takoma Park wajen aminina, Kawunki Bitrus, tunda shi malamin jami'a ne kuma ya zauna a irin waɗannan kwamitoci a tasu makarantar. Na je da niyyar ya taya ni tsara ƙorafi mai zafi. Na kai masa maƙalar, domin dama na ajiye kwafi a wayata, don nuna wa abokai. Ya karanta, ya cire tabarau, ya yi dariya har da tari.

"Mutumina," in ji shi, "yarinya 'yar shekara sha takwas, haifaffiyar Maryland, ita ce za ta rubuta cewa harshe shi ne ginshiƙin wayewar al'ummai tun daga zamanin da? Ko limamin cocinmu ba ya fara huɗuba da wannan nauyi."

Na ce, "Ku mutanen Jos ba ku san darajar jimla ba. Sanyi ya daskarar muku da ita."

Ya ce, "To Bakano, mu gwada." Ya buɗe kwamfutarsa, ya umarci na'urar ta rubuta maƙala a kan wannan batu. Kafin in kurɓi shayi ta gama. Ya juya min baya, ya karanta sakin layi ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ya ce in nuna nawa. Na saurara da kyau. Na ce na biyun, babu shakka, domin akwai wata nutsuwa da dattaku a cikinsa da injin ba zai iya ba.

Na na'urar ne.

Uwata, na ga abubuwa a duniya. Na ga gada ta tsage, na ga ɗan kwangila ya rantse da Alƙur'ani a kan siminti da na san yashi ne. Ban taɓa jin ƙasa ta zame min kamar ranar ba. Bitrus ya bar ni na huce, sannan ya ce, wannan karon ba dariya:

"Manhajar nan tana kuskure, ina faɗa a taron malamai har sun gaji da ni. Ta yi kuskure a kan Ummi ma. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Dokar ba ta ce na'ura kaɗai ba. Cewa ta yi aikin ya zama na ɗalibi. Injin ne ko uba ne, duk hannun wani ne."

Na ce, "A gidanmu wannan gyara ake ce masa. Babba ya duba aikin ƙarami. Haka aka yi mana, haka aka yi muku."

"Gyara shi ne ka ce mata nan bai fito ba, sake. Kai ka share nata ka zuba naka. Ko a Kano sunan wannan maguɗi, sai dai ba a faɗa wa mai furfura."

Yanzu bari in yi fushina, domin ina da haƙƙi, kuma na biya kuɗin takarda. Ina fushi da zamanin da yaro zai zauna a ɗaki, iyayensa na can suna aikin dare da rana a asibiti don ya yi karatu, shi kuwa ya ce wa injin yi min tunani, ya miƙa, ya karɓi maki, ya fito da digiri kamar buhun da aka cika da iska. Wata rana irinsa ne zai auna wa mutum magani, ko ya sa hannu a zanen gadar da za ki bi da 'ya'yanki. Ina fushi da su ninki biyu, domin saboda su ne aka daina yarda da kowa, har mai gaskiya sai ya rantse. Ina fushi da manyan makarantu masu dogayen ginshiƙai, waɗanda suka ga injin na rubutu, maimakon su zaunar da ɗalibi su tambaye shi baki da baki me ka rubuta, me kake nufi, sai suka sayo wani injin ya yi musu gadin na farko. An ɗauki kura aikin tsaron kura, an koma ofis ana shan kofi. Da malamarki ta kira ki ta ce karanta min wannan jimla ki fassara, da a take ta gane ba injin ba ne, wani dattijo ne mai son jin muryarsa.

Amma duk wannan fushi, idan na tara shi na auna, bai kai wanda nake yi da mutumin da nake gani a madubi ba.

Kin sha jin labarin jarrabawarmu ta gama sakandare, yadda aka zagayo da 'yar takardar amsa a ƙarƙashin benci, ta iso kaina, na ture ta da ƙafa. Gaskiya ne, ya faru. Na ba da labarin nan a walimar sauka, na ba da shi a bikin suna a Manassas, na ba da shi a taron yaye ɗalibai har yara suna motsa baki tare da ni. Shekara da shekaru ina hawa wannan labari kamar doki. Abin da ban taɓa tambayar kaina ba shi ne: wanda ya rubuta takardar ya turo fa? A ɗakin nan akwai masu karɓa, akwai mai bayarwa, kuma mai bayarwar ya fi kowa jin kansa mutumin kirki, domin a ganinsa taimako yake yi. Ban taɓa satar amsa ba, Allah Ya sani. Ashe ni ɗan ɗaya ɓangaren ne, mai cusa amsa. Shawara: ki ji tsoron laifin da ke zuwa sanye da rigar taimako, domin shi ba ya sa mutum jin kunya, sai ma alfahari.

Kuma ba ranar na fara ba. Kina aji huɗu a firamare aka ce ku gina gada da 'yan sandunan alawar ƙanƙara. Kika manna taki, ta karkace kamar bakin mai jin haushi. Na ce wannan ba za ta fita daga gidan injiniya ba. Na karɓa, na yi lissafi, na gina wata da za ta iya ɗaukar tukunyar mahaifiyarki. Aka ba ki kyauta ta ɗaya. Da alƙaliyar gasar ta durƙusa ta tambaye ki me ya sa kika jera sandunan kusurwa uku-uku, sai kika waiwayo kina nemana a cikin taro. Ni kuwa na ɗaga miki babban yatsa. Na ɗauki wannan waiwaye a matsayin ƙauna. Yanzu na gane tambaya ce: Baba, me zan ce? Gadarki karkatacciya da kin iya bayaninta daga farko har ƙarshe. Duk abin da ba za ki iya tsayawa ki kare shi da bakinki ba, kada ki sa masa sunanki, ko da ni na ba ki, ko da kyauta ta ɗaya ce a ciki.

Saura mafi nauyi, wanda ko Bitrus ban gaya wa ba. Na tuna abin da kika rubuta kafin in sa hannu. Kin ba da labarin yadda Hajiya, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, take kiran waya daga Kano ta yi miki Hausa, ke kina amsawa da Turanci, kuna ta hira haka kowa da nasa, har ranar da ta ce miki, "Ke dai takwara, kunnenki na gida, bakinki ne ya yi hijira." Kika rubuta cewa kin yi dariya a waya, da kika ajiye kuma kika shiga banɗaki kika yi kuka. Jimlolinki gajeru ne, wasu ma ɗingishi suke yi. Na ce miki na cire wannan wuri ne don bai dace da rubutun jami'a ba. Ƙarya nake. Na cire shi don ya tona ni. Bai yi min daɗi wata baturiya ta karanta cewa Injiniya, sakataren raya al'ada na ƙungiya, bai iya sa 'yarsa ta amsa wa kakarta da Hausa ba. Na share Hajiya, na share kukanki, na zuba ginshiƙin wayewar al'ummai.

Shi ya sa manhajar ta rikice, kuma a nan kaɗai nake ɗan tausaya mata. Ni da injin ciwonmu ɗaya: muna iya magana mai santsi a kan komai ba tare da mun ce komai ba. Abin da ke cikin maƙalar nan wanda babu injin da zai iya ƙirƙirowa, domin ba shi da kaka a Kano, shi na bi na tsince da hannuna.

To, ga umarni, kuma ba shawara ba ce. Ranar da za ki shiga gaban kwamiti, ki faɗa musu ni ne.

Na san abin da ke riƙe ki. Mu muka koya miki cewa ɗa ba ya tona asirin iyaye, ba ya ambaton aibinsu a gaban baƙi, ko sunansu ma ba ya kamawa gatsau. Tarbiyya ce mai kyau, kuma na ji daɗi, ta wata fuska, da na ga ta kama ki har haka. Amma rufin asiri daban, shaidar zur daban. Idan kika tsaya kika ce na'ura ce, kin ɗauki laifin da ba ki yi ba don ki ɓoye wanda aka yi, kin kuma yi ƙarya a wurin da aka kira ki don gaskiya. Za ki fita da tabo biyu, ni in fita da farar riga in ci gaba da zagaya walima ina ba da labarin benci. Wallahi ban yarda ba. Ban haife ki don ki zama labulen da zan ɓuya a baya ba. Girman da sai 'yata ta yi ƙarya zai tsaya, gara ya faɗi tun yau kowa ya huta.

Ki kuma faɗi naki kason, domin kina da shi: kin san ba rubutunki ba ne, kika miƙa. Ki ce kin kasa ce wa mahaifinki a'a. Wataƙila ba za su fahimci nauyin wannan ba, a ƙasar da yaro ke kiran ubansa ya ce su zauna su tattauna. Ki faɗa duk da haka. Bitrus ya ce kwamfutarki tana ajiye tsohon rubutu, don haka ki nemo na farkon, mai ɗingishin, da Hajiya a ciki, ki kai musu su gani. Ya kuma ce in gaya miki kada in yi miki alkawarin da ba nawa ba: gaskiya ba ta hana hukunci. Suna iya sassautawa su ce ki sake rubutawa, suna iya kayar da ke a darasin, tallafin ma yana iya girgiza. Idan ya tafi, motar nan da nake wankewa duk Asabar kamar jaririya za ta san hanyar kasuwa, ke kuwa ba za ki bar makaranta ba. Wannan alkawarin nawa ne, shi zan iya yi.

Zan zo ranar. Idan sun yarda in shiga, zan shiga in ce ni na rubuta, ita ba ta nema ba, na yi kuskure. Mahaifiyarki ta sa na maimaita wannan a gabanta har ta tabbatar babu ginshiƙi ko ɗaya a ciki, ta kuma ce idan na fara da tarihin ilimi a ƙasar Hausa za ta ja ni waje da hannun riga. Idan ba su yarda ba, zan zauna a benci a bakin ƙofa, inda duk mai wucewa zai gan ni.

Game da injin kuwa, ban ce ki guje shi kamar annoba ba, domin ko a ofishinmu ya shigo ya zauna. Ki tambayi kowane malami iyakar da ya halatta, ki tsaya a nan. Abin da aka yarda ki tambaye shi, ki tambaya, ki kuma bincika amsar, don yana ƙarya da fara'a. Amma wahalar neman kalma, da zama gaban farar takarda kai ya yi zafi, wannan ita ce karatun kanta. Wanda ya ɗauke miki ita ya ɗauke miki abin da kika je nema. Kuma daga yau, duk ranar da na miƙo hannu na ce kawo in duba, na ba ki izini a rubuce ki ce, "Baba, a'a." Ki faɗa da Hausa, da ladabi, amma ki faɗa.

Allah Ya tsare min ke a tafiyarki da zamanki, Ya daidaita harshenki ranar da za ki tsaya, Ya sanya tausayi a zukatan waɗanda za su saurare ki, Ya haɗa ki da abokan kirki, Ya raba ki da taimakon da ke cutarwa, ko daga ina ya fito. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa sa safa. Ki yafe min, uwata.

A ƙarshe, kotun wannan gida ta zauna, ni ne alƙali, ni ne wanda ake tuhuma, kuma ba a samu mai ɗaukaka ƙara ba. An same ni da laifi. An ci ni tarar ƙundun kaza: daga yau, duk kazar da aka dafa a gidan nan, ƙundunta, wanda al'ada ta keɓe wa maigida tun kaka da kakanni, an haramta min shi har sai kwamiti ya gama da ke. Mahaifiyarki ta karɓi aikin zartar da hukuncin da wani irin farin ciki da ban ji daɗinsa ba.

Mahaifinki mai laifi,
Baba Injiniya